Baban Roba da Ba Ya Miƙewa

Daga: Mai gyaran agogo, Shago na 7, Layin Masu Gyara
Zuwa ga: Mai girma Shugaban Sashen Sa Ido kan Tallace-tallace
Kwanan wata: 14 ga Yuli

Game da: Tallan gidan 'yartsana da ake sakawa cikin shirin yara

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana. Ban yi boko mai zurfi ba, amma sana'ata ta koya mini buɗe abu in ga cikinsa.

1. Tun ranar 2 ga wata ake nuna wannan talla a talabijin. Na kalle shi sau goma sha tara, da biro a hannu. Mamar roba tana girki, tana shara, tana goyo. Baban roba yana kan kujera da jarida. Ko shafi bai taɓa juyawa ba.

2. Ranar 6 ga wata na je kanti na roƙi a ba ni Baban in duba. Ranka ya daɗe, tare da kujerarsa aka zuba shi. Gwiwarsa ba ta miƙewa. Na daɗe ina auna ko ya halatta a kira mutum malalaci alhali haka aka ƙera shi. Na wanke shi daga zargi. Laifin na maƙerin ne.

3. A gidana ni ke girkin rana, domin maiɗakina ma'aikaciyar jinya ce, sai yamma take dawowa. 'Yarmu Auta, mai shekara biyar, ba ta taɓa ganin aibin haka ba. Ranar 8 ga wata ta tarar ina yanka albasa. Ta dube ni, ta dubi talabijin, ta yanke hukuncin cewa na lalace. Washegari ta nemi malamarsu ta taimaka a mayar da ni kanti a canzo wani.

4. Yau kwana shida ke nan ba ta taɓa abin da na dafa, sai burodi. Siket ɗinta na makaranta ya fara zamewa. Na gwada girki a zaune, jarida a hannun hagu. Wake ya ƙone, jaridar ma ta kama, Auta kuma ba ta ruɗu ba.

Saboda haka nake roƙo, cikin ladabi, a umarci kamfanin ya gyara wa Baba gwiwa, ya miƙe a tallan ko sau ɗaya, ko da murfin tukunya zai ɗaga. Auta ta yi alkawarin komawa cin abincina ranar da ta ga haka da idonta.

Kafin nan zan ci gaba da zuba mata a kwanonta kullum, in rufe.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Mai gyaran agogo, Baban Auta har yanzu
(sa hannu)