Ku Zo Ku Tone Abin da Kuka Binne a Gonata

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin mai da iskar gas da ya shimfiɗa bututu ta gonakinmu, a gundumar Dandamisa, Ƙaramar Hukumar Makarfi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Haladu Isiyaku. Manomin rake ne ni, kuma ina dafa mazarƙwaila. Ba a san ni da ƙara ko kai-kawo a ofisoshi ba. Abin da ya sa na rubuto a fili shi ne, kwanan nan na ji wani jami'inku a rediyo yana cewa duk inda kuka yi aiki kuna kwashe shararku, ku sarrafa mai amfani, ku zubar da sauran inda ya dace. Ina zaune a gindin mangwaro na ji shi, kuma daga wurin ina hango ramin da mutanenku suka bar mini.

Na ɗaya. Lokacin da aikin bututu ya iso yankinmu, ni na ba da kusurwar gonata ta tudu aka ajiye katafiloli da tankoki. Babu wanda ya tilasta mini, an biya ni hakkina, ba na ƙorafi a kan wannan. A gaban mai unguwa aka ce za a mayar mini da wurin kamar yadda aka same shi. Ana saura kwana biyu ma'aikatanku su tashi, sai na ga katafila tana haƙa rami. Da idona na ga an tuttula baƙin mai a ciki, an jefa matattun batura da tsummoki da wasu buhuna masu farin gari, aka tura ƙasa a kai. Na tambayi shugaban leburori, ya ce mini, "Baba, kwantar da hankalinka, tifa za ta zo ta kwashe." Damina biyu ke nan ina jiran tifar.

Na biyu, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ranar da za su tafi sun raba wa mutane gangunan roba shuɗɗa, suka ce kyauta ce daga kamfani, gara a mora da a ƙone. Har godiya muka yi. Na karɓi biyu. Matata Hajara ta wanke su da omo sau uku, ta shanya. Ɗaya muka ajiye, ɗaya kuma ni da kaina na ɗora a kan babur na kai wa mahaifiyata, saboda randarta ta tsage kuma ƙarfinta ya ƙare, ba ta iya yawan zuwa rijiya. Ba a yi wata guda ba bakinta ya fara yin miki, abinci ba ya zama a cikinta. Muka yi ta ba ta jiƙe-jiƙe, da ruwan gangar nan kuma muke jiƙa su. Da abin ya ƙi, muka kai ta asibiti a Makarfi. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta tambaye ni a me muke ajiye ruwan sha. Da na nuna mata hoton gangar a waya, ta ƙara girmansa ta nuna mini wata alama a gefe, hoton ƙoƙon kan mutum, wanda duk muka zaci tambarin kamfani ne. Ta ce, "Malam, ka je yanzu ka zubar da ruwan nan. Kada ko akuya ta sha."

Inna ta tashi, alhamdu lillahi, amma har yau kunu kaɗai take iya haɗiya ba wahala. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Ni ne ba na iya kallon fuskarta in tana cin abinci. Ranka ya daɗe, ni ba likita ba ne, ba zan rantse cewa gangar ce kaɗai sanadi ba. Amma wanda ya miƙo mana ita ya iya karatu, mu kuwa ba mu iya karanta abin da ke jikinta ba. Na bi gida-gida na gaya wa mutane. Wasu sun daina amfani da nasu. Wasu sun ce ai sun wanke. Akwai wanda ya riga ya sayar da tasa a kasuwa, ban san a gidan wa take ba yau.

Na uku. A daminar bara bakin ramin ya lotsa. Ruwa ya cika shi ya gangara fadama. Rijiyar ban-ruwana ta yi wani maiƙo mai launi-launi a sama, tana warin gareji. Raken da ke kusa da ita ya yi ja ya ƙone daga saiwa. Wanda ya tsira ma ban kai shi injin matsa ba, domin ba zan dafa wa 'ya'yan mutane abin da ni ba zan ci ba.

Ba ni kaɗai ba ne a fadamar. Maƙwabcina na ƙasa, Malam Iro, mun shekara talatin muna ara wa juna garma da injin ruwa. Albasarsa ta lalace. Yanzu in na yi masa sallama yakan amsa ne fuskarsa na kallon wani wuri. A wurin jana'iza ya faɗa, kowa na ji, cewa ni na jawo musu wannan masifa don kwaɗayi.

Na huɗu. Sau uku ina zuwa ofishinku na hulɗa da jama'a. Farko aka ce oga ya yi tafiya. Na biyu aka karɓi takardata. Na uku aka ce ɗan kwangila ne ya yi aikin, in neme shi. Ban san ɗan kwangila ba. Sunan kamfaninku ne a jikin motocin, shi ne a hulunan ma'aikatan, shi ne a allunan gargaɗi da aka kakkafa a kan layin bututun.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Matasan ƙauyenmu sun fara maganar tare hanyar motocinku, wasu ma suna ambaton bututun kansa. Ni da liman da mai unguwa muke danne su. Juma'ar da ta wuce sai da na tsaya a gabansu na roƙe su da Allah su ba ni lokaci in rubuta wannan wasiƙa. Sun ba ni zuwa saukar ruwan farko. Jiya hadari ya haɗu ta gabas, ya watse.

Don haka ina roƙon abubuwa kamar haka. A aiko masana su tone ramin, su kwashe abin da ke ciki har da ƙasar da ta sha shi. A auna ruwan rijiyoyin fadamar, a gaya mana sakamakon da Hausa a gaban jama'a. A bi ƙauyuka a karɓe gangunan nan, a kuma yi shela a rediyon da jami'inku ya yi magana, domin wanda ya saya a kasuwa ya ji. A faɗa wa likitocin Inna sunan abin da ya zauna a cikin gangar, don su san abin da suke magani. Maganar diyya kuwa, a fara da Malam Iro kafin ni.

Idan ba ku zo ba, ni da ƙannena mun yanke shawarar ɗaukar shebur mu tone da hannunmu kafin ruwa ya sauka. Ba mu da safar hannu, kuma ba mu san inda za mu kai abin da muka tono ba.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya kare iyalinka daga shan abin da ba su sani ba, Ya sa ka gama da wannan kujera lafiya.

Wassalam.

Haladu Isiyaku,
Dandamisa.