Bakwai Suka Taso

Litinin, 5 ga Mayu

'Yar Aku, jikata, ta dawo daga makaranta da sabon salo. Wai malamarsu ta haɗa kowane yaro da ɗan baƙi ɗaya, 'ya'yan mutanen nan da suka sauka a tsohon sito bayan tasha. Ka koya masa harshenka, ya koya maka nasa. Ita an haɗa ta da wata siririya, tuni na raɗa mata Tsinke. Na ce a tambayo mini yadda ake cewa layin famfo ya yi tsawo da yarensu, tunda su suka tsawaita shi. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Gadona ta yi.

Laraba, 7 ga Mayu

Aikin gida: kowa ya ɗauko muryar kakarsa a waya tana tatsuniya, a saurara a aji. An zo wurin. Aji huɗu na yi a boko, amma a ƙarya mai daɗi ni ce shugabar makaranta. Na ƙago musu tatsuniyar fara masu cinye gona: yadda suka zo da ƙunshi a ka, suka roƙi inuwar bishiya ta kwana ɗaya, gari ya waye babu ganye ko na magani. Na maƙe murya ina kwaikwayon gaisuwar mutanen sito. Surukata na wanke-wanke ta ce, "Mama, a aji fa za a kunna." Na ce ai shi ya sa na gyara murya.

Alhamis, 8 ga Mayu

'Yar Aku ta dawo. Ta wuce ƙofata kamar bango.

Asabar, 10 ga Mayu

Daga bakin uwarta na ji. An kunna, aji ya kwashe da dariya, yaran baƙi suka sunkuyar da kai. Tsinke ba ta gama jin Hausa ba, amma ta gane muryar, irin ta kakarta ce. Ta ɗauki jakarta ta koma bencin baya. Tun ranar yara ke kiransu fara.

Na leƙa ɗakin su 'Yar Aku na ce ranki ya daɗe, fushi da tsohuwa ai asarar fushi ne. Ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Kaka, Babana ma baƙo ne a inda yake. Ƙila wata kakar na can tana kwaikwayon muryarsa."

Ni da ba a kayar da ni a baki.

Shekara huɗu da tafiyar ɗan nawa neman aiki. Biyu rabon da wayarsa ta shiga. A gidan nan ba a maganar. Ni na hana, ko da yake ban taɓa buɗe baki na hana ba.

Talata, 13 ga Mayu

Tabarmar da take zama a kai in ina ba ta labari tana nan a naɗe bayan ƙofa. Na gwada yi wa kyanwa, ta miƙe ta fita. Ciwon gwiwa ma ya tashi. Kwana shida rabon da in ba ta labari.

Laraba, 14 ga Mayu

Surukata ta ajiye mini waya da littafin yarinyar. Ashe malama ta tura wa kowa muryar kakar abokin karatunsa, kuma 'Yar Aku ta rubuta fassarar da Tsinke ta yi mata kafin su ɓata.

Na kunna ina jiran in ji yadda kakar Tsinke ta kwaikwaye mu. Ba ta yi ba. Ba ma tatsuniya ba ce, ƙirga ce. Wai da suka taso a bayan babbar mota, duk inda aka tsaya sai ta dafa kawunan jikokinta tana ƙirgawa. Bakwai. Aka tsaya, bakwai. Inda aka sauke su aka canza mota, mutane na ture juna, ta dafa, shida. Ta sake. Shida. Motar ba ta jira ba.

A wayar sai ta yi ƙirgar da yarensu, a hankali. Bayan ta shida ta yi shiru, har na zaci wayar ce ta mutu. Sannan ta faɗi ta bakwai.

A ƙasa, da rubutun jikata mai kama da tafiyar kaza: har yau kwano bakwai take jerawa.

Ni ma ina da kwanon da nake wankewa ba a ci a ciki ba. Wannan ba na littafin kowa ba ne.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na ga kakar Tsinke a famfo, ƙarshen layi, ta dogara sanda. Matan layi suka fara zungurina, wai Mama ga fararki nan, a yi mana muryar. Ashe labarin ya fito daga aji ya shiga unguwa, kuma ba ni da igiyar jawo shi. Na ce maƙogwaro ke damuna. Ban gaishe ta ba. Ban iya ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na sa bokitinta gaban nawa. Ba don komai ba, ba na sauri ne. Na yi mata gaisuwar nan tasu, wannan karon da muryata. Ta dube ni ta daɗe. Ta san ko ni wace ce. Ta maimaita mini ita daidai, ba murmushi, ta ɗauki ruwanta.

Da yamma 'Yar Aku ta tsaya a bakin ƙofa. "An ce kin yi gaisuwa a famfo. An ce kin kwafsa."

Na ce to malama, a gyara wa ɗaliba.

Ta ce Tsinke na bencin baya har yanzu. Na ce na sani. Ta jawo tabarmar, rabi ta buɗe, ta zauna a gefe kamar mai jiran mota. Ba ta nemi tatsuniya ba, ban yi tayi ba. Ƙirga ta koya mini da yaren su Tsinke, tana lanƙwasa yatsuna. Da muka kai shida na tsaya. Ba ta gaggauta ni ba.

Na faɗi ta bakwai.

Ban ce na tuba ba. Ƙirga kawai nake koyo.