Na Ce a Ba Yara

Mandawari, Kano.

Zuwa ga aminiyata Dije,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da su Aminat. Yaya ƙafar taki, tana barinki barci kuwa? Allah ya ƙara sauƙi.

Dije, in ba ke ba ban san wa zan faɗa wa ba. Ƙungiyar Malaman Lissafi ta Cikin Birni, wadda ni da ke muka kafa kan tabarma a tsakar gidan nan, yau ba ni ce shugabarta ba. Kuma wallahi babu wanda ya ture ni.

Kin san yadda muke zaɓe tun asali. A ambaci sunana, in ce a'a na gaji, a ba yara. Marigayi Malam Ɗalha ya miƙe ya ce ba su yarda ba. In sake ƙi, a yi ta roƙo, sannan in ce to, tunda kun matsa. Haka aka rene mu, mutum ba ya buɗe baki ya ce yana son shugabanci. To bara banki suka ce ba za su buɗe mana asusu ba sai da tsarin mulki a rubuce. Ni da kaina na sa sakatarenmu Nazeer ya rubuta, ɗalibin nan nawa ɗan Gwale da yanzu ya zama Dakta. A ciki an ce duk wanda aka tsayar ya ce ba ya so, an cire sunansa nan take. Na sa hannu, ko a mafarki ban kawo da ni ake ba.

Ranar zaɓe aka ambace ni, na faɗi abin da na saba faɗa, na sunkuyar da kai ina jiran roƙo. Sai na ji tafi. Ɗalha ya rasu, ke kina Kaduna, sauran tsofaffin kowa na gida. Yaran nan suka miƙe tsaye suna ta tafa mini, wata har da hawayenta. Aka zaɓi Malama Binta. Ni ma na ɗaga mata hannu ina ta murmushi. Ta cancanta, ba na musu. Amma da na dawo gida ko mayafi ban cire ba na zauna na yi kuka.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
'Yardada.

Zuwa ga Dije,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, na ji daɗi da kika ce ƙafa ta yi dama. A gaida mutan gidan.

Kin ce in kira su in faɗa musu gaskiya. Haba Dije, da wane bakin? In ce da tsufana wasa nake yi, a dawo mini da kujera?

Ashe ma da saura. Na aika kuɗina na shekara, ma'aji ya dawo mini da su da ladabinsa. Wai wadda ta yi ritaya kuma ba ta riƙe da muƙami ta zama mambar girmamawa, ba ta biya, ba ta da ƙuri'a. A ƙungiyata, Dije.

Jiya Nazeer ya zo gaishe ni. Ya durƙusa ya yi ta yabona, wai na koya musu yadda ake sauka daga mulki, har a taron ƙasa ya ba da labarina. Sannan ya ce akwai gurbi ɗaya a kwamitin amintattu, mai ƙuri'a, ko zan so? Wallahi ina so ƙwarai. Na san dokar sarai yanzu, na kuma san yaron nan sau ɗaya yake tambaya. Na buɗe baki in ce ina so, sai na ji kaina ina cewa, "A'a, ku dai ku yi, Allah ya yi muku albarka."

Ya ce, "To Mama, yadda kika ce." Na raka shi har soro, ina tafiya a hankali ko zai waiwayo ya ƙara tambaya. Ya sa takalminsa ya ce in huta lafiya.

Asabar mai zuwa suna da taro, ba a kira ni ba. Na dai wanke kayana na goge.

Taki har kullum,
'Yardada.