Ƙorafi Kan Aske Gashin Misis Gitla Brandwajn

Daga:
Hajiya Rahmatu Abdulsalami,
Ungozoma mai ritaya,
Cheetham Hill, Manchester.

Zuwa ga:
Malam Sunusi Sanda,
Jami'in Sauraron Ƙorafe-ƙorafe,
Gidan Kula da Tsofaffi na Ashtarn,
Small Heath, Birmingham.

17 ga Nuwamba, 2014.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ASKIN DA AKA YI WA MISIS GITLA BRANDWAJN BA DA YARDARTA BA, DA WANDA AKE SHIRIN SAKE YI MATA RANAR 2 GA DISAMBA

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan takarda a madadin maƙwabciyata wadda aka ambata a sama, Bayahudiya mai shekara tamanin da biyar, da ke hannunku tun watan Satumba. An ce mini kai mutumin Zariya ne, shi ya sa na rubuta da Hausa, don kada tafinta ya sassauta mini magana.

1. Katanga ɗaya ce tsakanina da Misis Brandwajn tun 1979. Da ciwon gaɓɓai ya kama hannuwanta, ni na karɓi gyaran kanta. Duk ranar Alhamis nakan tsefe, in wanke, in taje, in yi mata kalaba manya guda biyu, don ta shiga Asabar ɗinsu da tsabta. Furfura ce fara fat, har ƙugu. A unguwa akwai masu yi mini tsegumin me ya haɗa Hajiya da Bayahudiya. Ban taɓa ba su amsa ba, don ban ga tambayar ba.

2. Wajibi ne in sanar da ofishinka tarihin wannan gashi, tunda babu wanda ya nema. An haife ta a birnin Lodz na ƙasar Poland. A watan Agusta na 1944, tana ’yar shekara goma sha biyar, sojojin Nazi suka loda su a taragon dabbobi, ita da mahaifiyarta da yayarta Rywka, zuwa sansanin Auschwitz. A bakin jirgi aka ware mahaifiyar gefe guda, ba su sake ganin ta ba. Kitson da ke kan Gitla a ranar shi ne aikin ƙarshe da hannun uwar ya yi mata. Aka tuɓe su, aka bi kansu da injin aski. Ta gaya mini cewa bayan an gama, ta yi ta kewaya ɗakin tana ƙwala wa Rywka kira, alhali Rywka na gefenta tana kiran nata sunan, ba wadda ta gane ’yar’uwarta. Gashin kuwa a buhuna aka zuba shi aka kai masana'anta. Rywka ta rasu a sansanin Belsen, inda aka mayar da su daga baya. Da sojojin Ingila suka buɗe sansanin a 1945, su ma suka sake aske Gitla saboda ƙwarƙwata da zazzaɓi. Da kyakkyawar niyya suka yi, ta sani, amma injin bai canza ƙara ba.

3. Ta iso ƙasar nan a 1946, ta yi aikin ɗinkin rigunan ruwa a Cheetham Hill, ta yi aure, ba ta haihu ba, mijin ya rasu. Tun daga askin Belsen almakashi bai sake taɓa kanta ba. Ko surukarta, da ta matsa a rage gashin bisa al'adar wasu matan aurensu, haƙura ta yi.

4. Da aka zabtare kuɗin kula da tsofaffi, masu zuwa duba ta a gida suka koma leƙowa na minti goma sha biyar. Ta faɗi a banɗaki, ta karye a ƙugu. Ɗan ƙanen mijinta, wanda shi kaɗai ya rage mata, ya nema mata wuri kusa da shi a Birmingham. Ranar 9 ga Satumba ni na rako ta, kuma na yi wa shugabar gidan wannan bayani baki da baki. Ta gyaɗa kai, idonta na kan waya.

5. Ranar 21 ga Oktoba, ma'aikata biyu suka zaunar da ita a kujera, ɗaya ta riƙe mata hannuwa, ɗaya ta kunna inji, aka yi mata aski ƙwal. Na zo ranar Alhamis, 23 ga wata, da matajina da man gashi a jaka. Ranka ya daɗe, na wuce ta a falo. Na wuce ta ina tambayar ina Gitla, tana zaune tana kallona.

6. An ba ni dalilai uku, kuma ban karɓi ko ɗaya ba. Na farko, wai gashin ya cukurkuɗe kuma ma'aikata sun yi kaɗan. Na yarda sun yi kaɗan. Na ga yarinya ɗaya tana fama da tsofaffi cike da bene, kuma ba ita nake tuhuma ba. Amma lambar wayata na hannunku. Na biyu, wai ta ruɗe, ba za ta tuna ba. Na yi shekara talatin ina aikin asibiti, kuma na daɗe da daina gaskata wannan magana: abin jiya ne ke ɓace wa tsoho, na ƙuruciya kuwa sai ƙara matsowa yake yi. Na uku, wai gashi ne, zai tsiro. Ita ta fi kowa a gidan nan sanin cewa yana tsirowa.

7. Halin da take ciki yanzu: ta daina Turanci. Tana ɓoye burodi a cikin safa. In ta ji takun ma'aikaci, sai ta yunƙura ta miƙe ƙyam a gefen gado, da karyayyen ƙugun nan, kamar fursunan sansani mai jiran a ƙirga ta. Ni kuma Rywka take kirana. Ina amsawa, Allah Ya yafe mini.

8. Duk da haka, an shaida mini cewa an sa ta a jerin waɗanda za a riƙa yi wa aski duk bayan mako shida, kuma na gaba ranar 2 ga Disamba ne.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon ofishinka:

(a) Ya soke askin 2 ga Disamba, ya kuma hana kowane inji ko almakashi kusantar kanta, a rubuce, kafin ƙarshen wannan mako.

(b) A ba ni izinin zuwa duk Alhamis in kula da kanta. Kuɗin jirgin ƙasa nawa ne, ba na neman kwabo.

(c) A faɗa mini inda aka kai gashin. Kai ka san can gida ko wanda ya maƙale a mataji ba ma yarda shi a bola. In yana nan, a ba ni in adana mata. In an zubar, a rubuto mini an zubar, da sunan wanda ya ba da umarni.

Gashin ya fara tsirowa, bai kai rabin gaɓar yatsa ba. In an bar shi, kafin bazara zan iya kama shi da kitso. Ban sani ba ko za ta kai bazara. Idan ban ji daga gare ka ba, ranar 2 ga Disamba za ka same ni zaune a ƙofar ɗakinta tun da safe, kuma sai an ɗaga ni kafin a shiga.

Ka huta lafiya, Allah Ya ba ka ikon yin adalci.

Taka cikin girmamawa,

Hajiya Rahmatu Abdulsalami
(sa hannu)