Hanyar da Mas Danang Ya Ce Ba Ta Hawa Dutse

Yogyakarta, 14 ga Agusta

Zuwa ga yayata Mbak Sekar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da aikin jinya a Osaka. Allah ya ƙara miki ƙarfi. Iyayenmu, Ibu da Bapak, lafiyarsu ƙalau, sai gwiwar Bapak da ke matsa masa idan ya zo sujada. Ni ma hannuna na dama ya saki, da shi nake rubutun nan.

Na san Ibu ta gaya miki na kwanta asibiti a Bali, a hutun da yayanmu Mas Danang ya kai ni na murnar gama jami'a. Abin da aka gaya mata ba haka yake ba. Ranar Talata mun yi nutso sau biyu da tulun iska a baya, zurfin mita goma sha takwas, muka fito ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. Kin san ƙa'ida: wanda ya yi nutso ba ya hawa tudu mai tsawo sai bayan awa goma sha takwas, don iskar da ta shiga jini ta fita a hankali. Ƙarfe uku Mas Danang ya zo da motar jif ta haya, ya ce mu je yawon daji. Sau biyu na tambaye shi tsawon hanyar. Ya yi dariya, ya ce farfesa sarkin tsoro, ko shayi zan sha sai na auna zafinsa, hanyar bakin teku take bi ta cikin gonakin kwakwa. Na yarda, don shekara shida yana jagorantar masu nutso. Muna ta faɗawa ramuka, taɓo na fantsama, ina ta ihun daɗi, har sai da na ga hazo a ƙasa da mu. Mita dubu ɗaya da ɗari biyu muka hau. Kafin magariba kafaɗata ta ɗauki ciwo, yatsuna suka mutu. Awa biyar na yi a ɗakin matsin iska na asibiti, inda ake jinyar irin wannan ciwo na masu nutso.

A gida Mas Danang ya ce na firgita ne a ruwa na taso da sauri, wai shi ya jawo ciwon. Ban ƙaryata shi ba, ina zaton kunya ce ta sa shi. Shekaranjiya Pak Nengah, mai jif ɗin, ya kira don ya ji yaya jikina. A cikin hira ya ce da ya ga gashin Mas Danang da danshin teku, sai da ya gargaɗe shi cewa hanyar dutse take hawa, shi kuwa ya ce masa kada ƙanwarsa ta ji, za ta ɓata musu yini. Mbak, ashe ya sani. Wanda ka ba amanar numfashinka ke nan.

Cibiyar binciken murjani da ta ɗauke ni aiki tana son rahoton abin da ya faru ranar Litinin. Mai firgita a ruwa ba sa riƙe shi a aiki. Idan kuma na faɗi gaskiya, ana iya karɓe lasisin Mas Danang na jagorantar nutso. Jiya ya kawo min kek ɗin bakpia mai ɗumi, ya ce jini ya fi ruwa kauri, in rufa masa asiri. Bai ce in yafe masa ba. Agogon nutsona ya adana komai, na taso daidai, har da tsayawar minti uku da ake yi kafin a kai saman ruwa. Abin da ke ciki zan rubuta. Roƙona ki kira Ibu ranar Lahadi, ta ji daga bakinki, ni ba zan iya kallon fuskarta ba.

Ki gaishe da mijinki Mas Hendro da 'yata Alya. Gwaggonmu Bude Ningsih tana gaishe ki.

Ƙanwarki,
Kinanthi