Yatsun Inna

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'yar'uwa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jaririyarku. Allah Ya raya mana ita, Ya mayar miki da ƙarfin jikinki. Mu nan kowa kalau. Baban yara ya samu sauƙin ciwon bayan nan har ya koma tuƙi, Gwaggo kuma tana nan da mitarta, alamar lafiya ke nan. Shago ma alhamdulillahi, ɗinki bai yanke ba. Na zaɓi rubutu ne maimakon waya, domin duk ranar da kika kira Inna ce ke fizge wayar, ni kuwa aikina in riƙe mata caja.

Maganar bizar Inna ce, wadda kika nema mata ta dogon zama don ta je ta riƙe miki jaririya idan kin koma aiki. Kin ce ke kin gama komai daga can, saura 'yan ƙananan abubuwa a nan. To bari ki ji ƙananan abubuwan. Ni na kai ta asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinta, ni na kai ta wurin mai hoto, yana ta roƙon ta rufe baki don ba a son murmushi a hoton biza, ita kuwa murna ta hana ta. Ni na yi yawon neman takardar haihuwarki aka buga mata hatimi, wai a tabbatar Inna ce ta haife ki. Ni dai ba wanda ya nemi shaidar cewa ta haife ni, tunda ba inda zan kai ta sai kemis.

Zuwanmu na farko ofishin ɗaukar zanen yatsu ba mu dace ba. Inna ta ɗora hannu a kan gilashin na'urar, aka danna, aka goge, aka sake dannawa, abu ya ƙi. Ma'aikaciyar, wata mai haƙuri da tabarau, ta juya tafin hannun ta duba, ta tambaya ko wane aiki ta yi a rayuwarta. Kin san amsar: wankau ɗin da aka biya miki makaranta da shi. Sabulu da ruwa sun cinye zanen, yatsun sun yi sumul kamar bayan cokali. Matar ta ce mu koma gida, kada Inna ta taɓa wanki ko wanke-wanke, a riƙa shafa mata mai mai kauri safe da yamma, mu dawo bayan 'yan makonni. Ta ce idan ya sake ƙi, maganar za ta bi wata doguwar hanya wadda ba ta san ranar ƙarewarta ba.

Tun daga ranar, kullum sai in zaunar da Inna a kan tabarmar ƙofar ɗaki, in bi yatsun ɗaya bayan ɗaya ina murzawa. Ita kuma bakinta ba ya hutawa: Auta ta ce gidan yana da na'urar ɗumama ɗaki, Auta ta ce jaririyar ta ɗauko goshinta. Maƙwabta suna shigowa yi mata murna, suna kiranta uwar 'yar waje, ni kuma su ce in ɗan matsa su zauna. Auta, ba zan ɓoye miki ba, kishinki nake yi, irin wanda ke hana mutum jin daɗin abinci. Hotonki ne a bangon ɗakinta cikin rigar kammala karatu. Ni sunana yana katin asibitinta, a layin wanda za a kira idan wani abu ya faru. Ni na san ƙwayar da take sha kafin abinci da wadda take ɓoyewa a ƙarƙashin matashi, amma ke ce za ki samu safiyarta da hirarta, kuma da hannuna nake gyara yatsun da za su raba ni da ita. Akwai ranar da na tsaya da bahon wanki a hannu, na san idan na ajiye shi kusa da ita ba za ta iya kallonsa ta ƙyale ba. Na daɗe a tsaye, sannan na wuce da shi bayan gida na wanke da kaina, ina wanki ina yi miki faɗa a zuci.

Ana cikin haka ta sa na ɗinka mata rigunan sanyi biyu iri ɗaya, masu shafi mai kauri. Ta ce ta biyun in auna a jikina. Na ce lallai, tsarabar Auta ma ni ce gunkin gwaji, alhali kowa ya san na fi ki jiki. Na ɗinka dai, ina taka keke kamar shi ya yi mini laifi.

Shekaranjiya muka koma. Inna ta ɗora hannu, fitilar na'urar ta yi kore, ma'aikaciyar har da tafa mata. Ina ƙoƙarin tattara jakarmu sai na ji Inna ta cafke wuyan hannuna ta ɗora a kan gilashin. Ta ce wa matar ta ɗauki nawa ma yanzu a huta, nawa ba su da matsala, kada a sa mu sake dawowa. Matar ta dube ni ta saman tabarau. Na ce wa Inna nawa sai wata rana, na ja ta muka fita.

A cikin mota ta riƙa tsara mana tafiya. Wai a jirgi ni zan zauna ta bakin taga tunda ita tana jin jiri, wai in bar wa Gwaggo makullin shago. Ta ce da ba don tare za mu tafi ba, ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta hau jirgi ba, don wa zai san kanta a can? Ashe rigar ta biyu tawa ce. Ashe duk murnar nan da nake jin haushinta, da ni a ciki take yin ta. Ke kin gaya mini tun farko cewa irin wannan biza ta iyaye ce kawai, ba ta ɗaukar 'yan'uwa. Ni na ɗauka kin gaya mata, ke kuma na san kin ɗauka na gaya mata.

Kada ki zaci kishin ya tafi. Yana nan daram, don ko ta yi kuka ko ba ta yi ba, na san a ƙarshe jikarta za ta ja ta. Amma wannan aikin ba zan yi miki ba. Na yi layi, na yi shafa, na yi ɗinki. Ki kira ta ki gaya mata da bakinki cewa ita kaɗai za ta zo, kuma ki saurari abin da za ta ce har ƙarshe, kada ki ce layi ne ba kyau. Zan riƙe mata cajar.

Ki gaishe da maigidanki, ki sumbaci jaririya. Baban yara da Gwaggo da Kawu suna gaishe ku. Inna ma tana gaishe ki. Har yanzu kullum da safe sai ta miƙo mini hannuwanta, ni kuma ban gaya mata an gama da shafa mai ba. Idan kun yi magana ta ce za ta tafi, zan rage rigar ta dawo daidai ke. Kafin nan tana rataye a bayan ƙofa, daidai ni.

Taki har kullum,
Yayarki