Katakon da Gara Ta Cinye

Malam Tanimu, don Allah ka taimake ni da shawara kafin ranar Alhamis, domin zuciyata ta riga ta yanke abin da bakina ke tsoron faɗa.

Ni magini ne a unguwar Birni, nan Damagaram. Gyaran fuskar tsofaffin gidaje nake yi, yaɓe da zane, sana'ar da na gada. Shekara ashirin da biyu ina aiki da wani abokina, bari in kira shi Mutari. Bara bayan damina aka ba mu gyaran wani zaure da ruwa ya zaftare. Muka kafa gadon katakon da muke hawa jikin bango, da hannuna na ɗaure shi. Ashe bayan na tafi gida Mutari ya kwance sandunan tokare biyu ya kai su wurin wani aiki da ya karɓa a ɓoye. Da safe na hau, gadon ya kife da ni, ƙuguna ya karye. Wata huɗu ina kwance, daga lopital, wato asibiti, zuwa gidan mai ɗori, matata na juya ni kamar jinjiri.

Ba faɗuwar ce ta fi ci mini rai ba. Mutari ya ce wa mai gidan jiri ne ya ɗebe ni, wai tsufa ya kama ni. Ya ƙarasa zanen da na fara, yanzu baƙi na tsayawa ɗaukar hoto ana cewa aikinsa ne. Ni kuwa an daina kirana. Maƙwabcin gidan, Idirisu, shi ya ga an loda sandunan a amalanke, ya gaya mini bayan Sallah. Sau biyu Mutari ya zo duba ni, yana kallon tsabar idona yana cewa, "Ƙaddara ce, ɗan'uwa."

To yanzu ya samu gyaran wani dogon bango a Takieta, ya aiko in ara masa katakaina. Cikinsu akwai wanda gara ta cinye ta ciki, waje kuwa sumul. Na goge shi, na ɗora shi saman tarin. Alhamis mota za ta zo. So nake ya ji ƙasa ta taho masa yadda ta taho mini, matarsa ma ta san juya namiji a tabarma. Ba ni zan tura shi ba, katako ne zai karye. Malam, ashe laifi ne?

Mai ɗingishi, Birni

Ɗan'uwa, laifi ne, kuma ka sani, shi ya sa ka rubuto. Yau ɗin nan, kafin ka yi komai, ka sa gatari ka faskara katakon nan a hura wuta da shi.

An cuce ka, ba na musu. Wanda ya cire tokare bai faɗa ba ya yi wasa da ranka, ƙaryar da ya ɗora kuma ta taɓa abincinka. Amma gado ba mutum ɗaya ke hawansa ba. Ba ka san ƙafar da za ta fara taka katakon ba, ba ka san wanda zai tsaya ƙarƙashi ba. Kai karaya ka samu, wani gawarsa za a ɗauka.

Ka duba ɗaya ɓangaren ma. Ganganci da son zuciya Mutari ya yi, tsoro ya sa shi ƙarya. Ban ga inda ya nufi ka faɗo ba. Kai kuwa da niyya za ka yi, ka ga naka ya fi nasa muni.

Ba na ce ka haɗiye ba. Ka roƙi Idirisu ya raka ka wurin sarkin magina, a kira Mutari da mai gidan, a yi maganar sandunan nan gaban kowa. Ka nemi ya janye zancen jiri da bakinsa, a san zanen na wa ne. Aron katakai kuwa kana iya hana shi, ka gaya masa dalili ido da ido.

Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sanyaya maka zuciya, Ya mayar da kai bakin sana'arka da mutuncinka.

Malam Tanimu